Fausto Coppi: Gwarzon Tseren Keke da Sauro Ya Kayar

An haifi Fausto Coppi a ƙauyen Castellania na ƙasar Italiya cikin shekarar 1919, iyayensa manoma ne. Tun yana yaro ya kama aiki wurin wani mahauci a garin Novi Ligure, yana kai wa masu saye kaya a kan keke. A nan ne ƙafarsa ta saba da feda, har ya fara shiga tsere don sha'awa kawai, kafin ya mai da shi sana'a.

A 1940, yana ɗan shekara 20, ya ci babban tseren zagaye Italiya. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa hanzari, domin sojojin Ingila sun kama shi a Tunisiya a 1943. Bayan yaƙi ya ƙara cin na Italiya sau huɗu, na Faransa kuma sau biyu, a 1949 da 1952.

A Disambar 1959 ya tafi tsere Upper Volta, wato Burkina Faso ta yau, ya koma gida da zazzaɓin cizon sauro. Likitocinsa ba su gane cutar ba. Abokin tafiyarsa, Raphaël Géminiani, an gano tasa a Faransa, aka ba shi kwinin, ya tashi. Coppi kuwa ya rasu ranar 2 ga Janairu 1960, yana da shekara 40.