Hans Berger, likitan da ya fara auna motsin ƙwaƙwalwar ɗan Adam

Ƴan uwa ƴan kasuwa, dukanmu mun san yadda mai saye kan yi tayin buhun albasa cikin hayaniyar kasuwar Madawa, kunne ya ji amma hankali ya tafi wani wuri, sai an ce ya maimaita. Wanda ya buɗe hanyar auna abin da ke faruwa cikin kai a irin wannan lokaci shi ne Hans Berger, likita ɗan ƙasar Jamus.

An haife shi ran 21 ga Mayu 1873. Yana saurayi cikin sojan doki, dokinsa ya kayar da shi gaban keken igwa, da ƙyar ya tsira. A ranar ƴar uwarsa da ke nesa ta ji gabanta na faɗuwa, ta matsa wa mahaifinsu ya aika masa da saƙon waya. Abin ya tsaya masa a rai, har ya bar karatun lissafi ya koma likitanci don ya gano ko tunani na tafiya daga mutum zuwa mutum. Ya gama a jami'ar Yena a 1897, kuma can ya yi aikinsa.

Abin da ya fita nema bai same shi ba, wani abu ya samu. Ran 6 ga Yuli 1924 ya auna lantarkin ƙwaƙwalwar wani yaro mai shekara 17 da aka yi wa aiki a kai. Shekara biyar yana sake gwaji, har a kan ɗansa, kafin ya bayyana sakamakon a 1929. Ya ga cewa in mutum ya natsu ya rufe ido, lantarkin na kaɗawa wajen sau 10 a daƙiƙa guda. Ya sa wa wannan kaɗawa suna alfa. Da an buɗe ido ko an shiga lissafi, sai ta dushe. Masana ba su gaskata shi ba sai a 1934, da Edgar Adrian da Brian Matthews suka tabbatar da aikinsa a Ingila.

Daga baya masu bincike sun nuna cewa lokacin da mutum ke sauraron murya guda cikin hayaniya, alfa kan ƙaru a ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke kau da kai daga sauran surutun, kuma ƙarfinta na hawa da sauka. Ke nan sauraro ba ya tafiya bai ɗaya, don haka maimaita farashi kafin a ƙirga kuɗi ba raini ba ne. Da irin na'urarsa kuma likitoci ke binciken farfaɗiya.

Sai dai tarihinsa na da tabo. A zamanin Hitila ya zauna a kotun da ke yanke hukuncin hana wasu marasa lafiya haihuwa da tilas. Ya yi ritaya a 1938, baƙin ciki da ciwo suka rufe shi, ya kashe kansa ran 1 ga Yuni 1941.