Janar Murtala da Rikicin Angola

An haifi marigayi Janar Murtala Muhammed a Kano cikin 1938, ya kuma hau mulkin Nijeriya a watan Yulin 1975. Da Fotugal ta saki Angola ran 11 ga Nuwamba na wannan shekara, sai ƙungiyoyi uku suka kaure da yaƙi a kan mulkin ƙasar mai arzikin fetur da lu'ulu'u. Ganin sojan Afirka ta Kudu sun kutsa ciki, Murtala ya amince da gwamnatin MPLA ta Agostinho Neto, bai saurari matsin Amurka ba, ya kare matsayinsa a taron shugabannin Afirka na Addis Ababa cikin Janairun 1976. An kashe shi a Ikko ran 13 ga Fabrairun 1976. Yaƙin Angola kuwa bai ƙare ba sai 2002.