Graham Bell: Malamin kuramen da aka ba haƙƙin tarho, da tambayar da ta biyo shi kabari

Ranar 14 ga Fabrairun 1876 takardu biyu suka isa ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka da ke Washington, kowace na bayanin yadda za a aika muryar mutum ta cikin waya. Ɗaya ta Elisha Gray ce, ƙwararren injiniyan tangarahu. Ɗayar kuwa ta wani malamin kurame ce mai shekara 28, Alexander Graham Bell. Hukuncin da aka yanke a kansu shi ya raba wanda duniya ta haddace sunansa da wanda ta kusa mantawa.

An haifi Bell ranar 3 ga Maris 1847 a Edinburgh ta ƙasar Scotland. Mahaifinsa malamin koyar da furuci ne, mahaifiyarsa kuma ta kurmance, don haka ya tashi yana nazarin sauti. Bayan tarin fuka ya kashe 'yan'uwansa maza biyu, iyalin suka yi ƙaura zuwa Kanada a 1870, daga can shi ya wuce Boston yana koyar da kurame.

Ba tarho ya fara nema ba. A wancan zamani wayar tangarahu ba ta ɗaukar saƙonni da yawa a lokaci guda, shimfiɗa sabuwa kuma na cin kuɗi. Bell ya yi tunanin a ba kowane saƙo amonsa, a tura su tare, a can ƙarshe kowace na'ura ta tsinci amon da ya dace da ita, kamar yadda kunne ke rarrabe kalangu da algaita a taron biki. Gardiner Hubbard da Thomas Sanders, iyayen ɗalibansa, suka zuba kuɗi. Cikin gwaje-gwajen ne shi da mataimakinsa Thomas Watson suka gano cewa waya na iya ɗaukar murya.

A dokar Amurka ba a ba da haƙƙin ƙirƙira sai jami'in tantancewa ya gwada takardar da duk abin da ya riga ta, ya gamsu cewa sabon abu ne. Jami'in da aikin ya faɗa hannunsa, Zenas Wilber, ya lura takardun biyu sun yi karo, ya dakatar da ta Bell. Lauyoyin Bell suka kafe cewa tasu ce ta riga isowa, aka janye dakatarwar. Bell ya je Washington ya gana da Wilber, ranar 7 ga Maris kuma aka ba shi takarda mai lamba 174,465. Kwana uku bayan haka ya yi nasarar aika magana ta farko, da na'ura mai amfani da ruwa, irin wadda Gray ya zana.

Shekara goma bayan nan Wilber ya yi rantsuwa a rubuce cewa shi mashayi ne, lauyan Bell na bin sa bashi, ya nuna wa Bell takardar Gray, ya kuma karɓi dala 100. Bell ya musanta da tasa rantsuwar, maganar Wilber ɗin ma ta saɓa wa wadda ya yi a baya. Kamfanin Bell ya fuskanci ƙararraki kusan 600, a 1888 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar masa da haƙƙinsa da rinjayen alƙalai huɗu a kan uku. Masana tarihi na jayayya har gobe.

Shi kansa Bell wata na'ura daban ya ɗauka a matsayin mafi girman aikinsa. A 1880, tare da Charles Sumner Tainter, ya ɗora murya a kan hasken rana: magana na girgiza madubi, hasken da ya dawo daga madubin na sauyawa, sinadarin selenium kuma na mayar da shi sauti. Sun aika magana tazarar mita 213 daga rufin wata makaranta a Washington. Sai dai gajimare da ruwan sama na tare haske, na'urar ba ta shiga kasuwa ba.

Tarihinsa bai rasa tabo ba. Duk da cewa matarsa Mabel, 'yar Hubbard, kurma ce, ya yi adawa da koyar da kurame da maganar hannu, a 1883 kuma ya gabatar da maƙala yana gargaɗi kan auren kurma da kurma. Ya rasu ranar 2 ga Agustan 1922 a Nova Scotia ta Kanada, yana da shekara 75.

Dabarunsa biyu sun haɗu bayan ba ransa. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna cewa tataccen zaren gilashi zai iya kai haske nesa, inda hadari ba zai tare shi ba, a 1970 kamfanin Corning ya ƙera shi. Daga baya injiniyoyi suka riƙa cusa launukan haske da dama cikin zare guda, kowane launi da saƙonsa, wato dabarar amon nan ta tangarahu a sabuwar riga. Da irin wannan zaren intanet ke shigowa Legas ta ƙarƙashin teku kafin ya hauro Arewa.

Mutanen Sabon Birni da Isa sun san darajar wannan gado fiye da kowa. A Satumban 2021 gwamnatin Sakkwato ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14, har da nasu, don daƙile 'yan bindiga, aka bar talaka ba hanyar neman ɗauki.

Tambayar da ta addabi Bell kuwa, wato wa ya riga wa, Najeriya ba ta yin ta a ofis. A ƙarƙashin dokar haƙƙin ƙirƙira ta 1970, magatakarda na duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne, sai wanda aka zalunta ya garzaya Babbar Kotun Tarayya. Gray ya samu jami'in da ake zargin an saye. Matashin da ya ƙirƙiro wani abu a Sakkwato ba shi da jami'in ma, sai lauya, idan yana da kuɗin ɗaukarsa.