Taƙaitaccen Tarihin Mama Mary Slessor, Uwar Tagwaye (1848–1915)

An haifi Mary Slessor a garin Aberdeen, ƙasar Sikotland, ran 2 ga Disamba, 1848. Gidansu talakawa ne. Mahaifinta baduku ne mai ɗinkin takalma, amma giya ta ci ƙarfinsa. Mahaifiyarta ce ta riƙe gida da addu'a da aikin saƙa. Tana da shekara 11 ta shiga aiki a masaƙa a Dundee, rabin yini aiki, rabin yini makaranta.

A shekara ta 1876 Mishan na Firesbiteriyan ya aiko ta Kalaba. Ta koyi harshen Efik har ta iya shi sosai. A ƙasar nan, a lokacin, idan mace ta haifi tagwaye sai a ce ɗaya ɗan aljani ne. Da yake ba a san wanne ba, sai a jefar da su duka a daji, a kori uwar daga gari. Mishanoni na gabanta sun riga sun yi faɗa da wannan al'ada a cikin Kalaba, amma can ƙauyuka abin bai daina ba.

Don haka a 1888 ta ƙaura zuwa Okoyong, inda Turawa ke tsoron shiga. Da ta ji an haifi tagwaye, ko da tsakar dare ne, sai ta tashi a ƙafa, sau da dama ba takalmi, ta ɗauko jariran. Ɗakinta na laka ya cika da yara. Wasu sun rayu, wasu kuwa sun mutu a hannunta, gama sun iso da yunwa da rauni. Ɗaya daga cikin na fari, Janie, ta zama 'yarta, ta kuma taimake ta renon sauran.

Mu tuna, 'yan'uwa, Mama ba likita ba ce. Akwatin magani ne kawai gare ta. Da shi take wanke gyambo, tana ba da maganin zazzaɓi. Da cutar agana ta ɓarke, ita ce ta bi mutane tana yi musu lamba. Daga baya aka buɗe asibiti a Itu da sunanta, tun tana da rai.

Zazzaɓin sauro ya daɗe yana cin jikinta. Ubangiji ya kira ta gida ran 13 ga Janairu, 1915, a Use Ikot Oku. An kai gawarta Kalaba ta kogi, aka binne ta a Duke Town.