Ibnul Haisam, Malamin Da Ya Bayyana Yadda Ido Ke Gani

An haifi Abu Aliyu Alhasan, wanda aka fi sani da Ibnul Haisam, a birnin Basra na ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 354 bayan Hijira, watau 965 ta Miladiyya. A can ya yi karatu, ya ƙware a ilmin lissafi da na taurari, har sunansa ya kai Masar.

A zamanin nan Halifa Alhakim na daular Faɗimiyya ke sarautar Masar. Mutum ne mai son malamai, amma kuma ran mutum ba bakin kome yake a wurinsa ba. Masu tarihi sun ruwaito cewa labari ya kai masa wai Ibnul Haisam ya ce yana da dabarar sarrafa ruwan Kogin Nilu. Halifa ya sa aka zo da shi, ya haɗa shi da magina, suka nausa kudu har bayan Aswan. Da malamin ya ga faɗin kogin da ƙarfin ruwansa, sai ya tabbata aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa. Gaskiyarsa kuwa, gama ba a datse Nilu a wajen nan ba sai a 1902. Ya komo ya faɗi gaskiya, amma tsoron fushin halifa ya sa ya shiga haukan ƙarya. Aka tsare shi a gida har 1021, shekarar da sarautar Alhakim ta ƙare.

A Alƙahira ya wallafa babban littafinsa, Kitabul Manazir, mai juzu'i bakwai. Kafin shi, manyan masanan Yunanawa irin su Uklidis da Batlamus sun tafi a kan cewa wani haske ne ke fita daga ido ya taɓo abin da ake kallo. Ibnul Haisam ya ce ba haka ba ne, haske ne ke tasowa daga abin ya shiga ido. In ba haka ba, me zai sa ido ya yi zafi in an dubi rana? Bai tsaya ga hujjar baki ba, sai da ya jarraba. Ya jera fitilu a gaban wata 'yar ƙofa ta wuri mai duhu, hasken kowace fitila ya ratsa ya faɗa a wurinsa dabam a jikin bango. In ya kare fitila guda, haskenta kaɗai ke ɓacewa. Da haka ya nuna cewa haske miƙewa yake yi sak, ba ya cakuɗewa. A juzu'i na bakwai kuma ya yi bayanin yadda haske ke karkata in ya shiga ruwa ko gilashi, da yadda gilashi mai tudu ke ƙara wa abu girma a ido.

Akwai marubutan da ke cewa shi ya ƙago tabarau. Wannan zuzutawa ce, malamin kuwa ba ya bukatarta. A arewacin Italiya aka fara yin tabarau, wajen 1286, fiye da shekara 200 bayan rasuwarsa. Abin da ya tabbata shi ne an juya littafinsa zuwa Latinanci wajen 1200, malaman Turai irin su Roger Bacon suka sha daga gare shi, aka kuma buga shi a birnin Basel a 1572. Ko shi ma akwai inda ya kuskure, don ya ɗauka cewa ɗan madubin da ke cikin ƙwayar ido shi ke karɓar gani. Sai a 1604 Kepler, Bajamushe, ya ɗora a kan aikinsa, ya nuna cewa madubin nan tattara haske kawai yake yi ya aza shi a tantanin da ke can bayan ido.

Daga nan aka gane dalilin da ya sa tabarau ke amfani. Wanda ba ya hangen nesa, hasken ne ke haɗuwa tun bai kai tantanin ba, sai a ba shi gilashi mai loko a tsakiya. Dattijo kuwa da ya haura arba'in, wanda ya fara nisanta Mushafi daga fuskarsa kafin ya bambance wasali da ɗigo, madubin idonsa ne ya fara tauri, sai a ba shi gilashi mai tudu ya ci gaba da tilawarsa.

Shi dai malamin bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Bayan an sake shi ya zauna kusa da Masallacin Azhar, ya rungumi zuhudu, yana karantarwa yana wallafa. An ruwaito cewa kowace shekara yakan kwafi littattafan lissafi uku da hannunsa ya sayar dinari 150, da su yake ci har shekara ta zagayo. Ya rasu a Alƙahira wajen 430 bayan Hijira, watau 1040, yana da kimanin shekara 75. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.