Aryabhata: Masanin Baka da Tsirkiya

Ranar da malamin lissafi ya gaya mana cewa in kusurwa ta ƙanƙance ƙwarai, sayin ɗinta kusan daidai yake da ita kanta, yawancinmu mun zaci dabarar Turawa ce. Ashe wani mutumin Indiya ya yi aiki da ita tun shekaru fiye da 1,500 da suka wuce. Sunansa Aryabhata.

An haife shi a shekarar 476. Ya zauna a Kusumapura, wajen garin da ake kira Patna yanzu. A shekarar 499, yana da shekara 23 kacal, ya rubuta littafinsa na lissafi da ilmin taurari, duk a cikin baitocin waƙa, don almajirai su haddace.

Ga yadda ya yi. Mai karatu ya dubi bakan maharbi: itacen a lanƙwashe, tsirkiya a miƙe. In bakan babba ne, itacen ya fi tsirkiya tsawo nesa ba kusa ba. Amma in aka ɗauki ɗan guntun da'ira, lanƙwasarsa ba ta ko ganuwa. Aryabhata ya raba kwatar da'ira kashi 24, kowane kashi digiri 3 da minti 45, wato minti 225. Ya auna daga tsakiyar da'ira zuwa gefenta da wannan ma'auni, ya sami 3438. Sai ya ɗauki sayin kashi na farko, wato rabin tsirkiya, daidai da rabin bakanta, 225. Kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na minti ba. Daga wannan lamba ya gina jadawalinsa har digiri 90, wanda aka yi amfani da shi wajen lissafin tafiyar taurari da husufi.

Bai tsira daga masu suka ba. Ya koyar cewa duniya ce ke juyawa, ba taurari ba. Masana da suka biyo bayansa, har da Brahmagupta a shekarar 628, suka ƙaryata shi. Amma gaskiya dokin ƙarfe ce, yau kowa ya san shi ke da gaskiya.

Wani abin sha'awa shi ne kalmarsa jya, wato tsirkiya. Larabawa suka rubuta ta jiba, daga baya aka karanta ta jaib, asalin kalmarmu aljihu. Masu fassara zuwa Latin suka mai da ita sinus, daga nan aka sami sayin ɗin da ke ba mu wahala a aji.

A shekarar 1975 Indiya ta sa wa tauraron ɗan adam ɗinta na farko sunansa. 'Yan'uwana ɗalibai, mutumin nan ba shi da na'urar lissafi, sai lura da haƙuri. Kada mu raina ƙaramar kusurwa, kada kuma mu raina ƙananan shekarunmu.