Henry Moseley: Matashin da ya gyara lissafin ƙwayoyin zarra kafin ya cika shekara 28

Idan ka taɓa zama ajin kimiyya a sakandare, ka san wannan jadawalin sinadarai da ake liƙawa a bango, wanda wasu ke haddacewa dare ɗaya saboda jarrabawa. To lambobin nan da ke saman kowane akwati, 1, 2, 3 har zuwa sama, wani saurayi ɗan Ingila ne ya tabbatar da ma'anarsu. Sunansa Henry Moseley, an haife shi a 1887 a garin Weymouth, mahaifinsa ya rasu tun yana ƙaramin yaro.

Kafin shi, ana jera sinadarai ne bisa nauyinsu, kamar yadda Mendeleev na Rasha ya yi a 1869. Amma akwai inda abin ke cin tura. Kobalt ya fi nikel nauyi kaɗan, duk da haka halayensa sun nuna shi ya kamata ya zo gaba. Haka argon da fotashiyam. Masana sun san akwai lauje cikin naɗi, sai dai ba wanda ya iya nuna dalili.

Bayan ya gama Oxford a 1910, Moseley ya tafi Manchester wajen Ernest Rutherford. A 1913 ya fara harba ilektaron kan ƙarafa iri-iri yana auna hasken eksre da kowanne ke fitarwa. Sai ya ga hasken yana hawa mataki-mataki daidai wa daida, daga sinadari zuwa na gaba da shi. Matakin nan shi ne cajin da ke tsakiyar ƙwayar zarra. Kobalt 27, nikel 28, magana ta ƙare.

Ka lura, wannan lamba ita ce kuma yawan ilektaron da ke kewaye da ƙwayar idan ba ta da caji. Kuma kar ka ɗauka mai ilektaron da yawa ne kullum ya fi girma. Sodiyam na da 11, kulorin na da 17, amma ƙwayar sodiyam ta fi faɗi, don tsakiyar kulorin ta fi ƙarfin janyo ilektaron ɗinta kusa. Wannan ne tarkon da ɗalibai da dama ke faɗawa a jarrabawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ya ma nuna guraben da babu kowa a ciki: 43, 61, 72 da 75. An gano na 72 a 1923, na 75 a 1925, na 43 a 1937, na 61 kuma sai 1945.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ya shiga soja da ƙashin kansa, duk da 'yan uwa da abokan aiki sun so ya tsaya a ɗakin bincike. Aka tura shi Gallipoli a ƙasar Turkiyya a matsayin jami'in sadarwa. Ranar 10 ga Agusta 1915 harsashi ya same shi a ka, yana ɗan shekara 27. Masana da yawa sun yi amannar cewa da ya rayu, kyautar Nobel ba za ta wuce shi ba, ga shi kuma ba a bai wa mamaci ita.